Abin da ke cikin kan tarwada

Duk mai ƙyanƙyasar tarwada ya san macen ba ta sakin ƙwai a tanki sai an yi mata allura. Mai hali yana sayen maganin allurar da ake kira Ovaprim, ya ba ta rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta. Mu a ɗan wurinmu na Yauri, sau da yawa daga kan namijin muke samo maganin, tunda dama sai an yanka shi kafin a ciro maniyyinsa.

Ni aka bar wa wannan aiki. Ina yanke kan, in cire muƙamuƙin ƙasa, in kifa shi, sannan in fasa ƙashin ganɗa a hankali da fulaya. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan farin nama mai jaja-jaja, bai wuce ƙwayar gero ba. Shi ne fitiyutari. Ana niƙa shi da ruwan gishiri, giram 9 a lita ɗaya, a zuƙe da sirinji a soka wa macen a naman baya. Idan aka yi da dare ruwa kuma da ɗumi, da safe ƙwai ya nuna.

Wani malamin kiwon kifi da ke leƙo mu ya tarar da ni ina wannan fiɗa, ya ce, "Samari, ɗaga ƙwaƙwalwar kaɗan. Ka ga inda jijiyoyin ido suka gitta? Daga saman nan tsoron kifi yake farawa."

"Malam, kifi ma yana tsoro?"

Sai ya zauna ya warware mini. A wannan wuri, kusa da sashen ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamos, akwai ƙwayoyin da ke fitar da wani sinadari mai kai saƙo da ake kira CRH da zarar an taɓa kifi, ko iska ta yi ƙaranci a ruwa, ko cunkoso ya yi yawa. A jikin mutum jini ne ke kai wannan saƙo ga fitiyutari, amma a kifi irin tarwada da karfasa jijiyoyin da kansu suke shiga cikinsa kai tsaye. Fitiyutarin kuma sai ya saki wani sinadarin mai suna ACTH cikin jini, ya tafi gaban ƙoda, can bayan kai, inda ake yin kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa a halin firgici. Kifi ba shi da ɗan naman nan na saman ƙoda da ke wannan aiki a jikinmu. Ƙwayoyin suna warwatse ne a cikin ƙodar kanta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne har a ƙarshen lakar baya, dab da wutsiya, akwai wani wurin da ke fitar da irin waɗannan sinadarai. Wato ɗan naman da nake niƙawa don a samu ƙwai, ta cikinsa saƙon firgici ma yake bi.

Daga nan abubuwa da yawa suka faɗa mini daidai. Mun daɗe muna ganin kifi ya ƙi cin abinci bayan an tace shi an raba manya da ƙanana, muna cewa abincin ne ba kyau. Ashe CRH yana kashe sha'awar ci. Kotisol kuwa idan ya daɗe a sama yana rage garkuwar jiki da ingancin ƙwai, shi ya sa cuta ke biyo bayan wahalar jigila.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke riƙe tarwada. Saboda tana shaƙar iska ta daɗe a tudu ba ta mutu ba, sai kowa ya ce ai taurin rai gare ta, a jefa ta kan siminti, a bar ta tana birgima a rana. Rashin mutuwa ba lafiya ba ne. Uwar da aka wahalar haka, ƙwanta ne zai biya.

Yanzu idan zan taɓa uwa, sai na jiƙa hannu, in rufe mata kai da jiƙaƙƙen tawul, nan take sai ta lafa. Bayan allura kowace ina ajiye ta ita kaɗai a baho mai murfi, domin in an haɗa su cizon juna suke yi. Tacewa kuwa da sassafe muke yi, musamman a watan Maris da Afrilu da zafin Kebbi ke kai wa maƙura. Idan za a kai 'ya'yan kifi Birnin Kebbi ko Zuru, muna hana su abinci tun jiya, don kada kashinsu ya ɓata ruwan jarka, mu zuba ɗan gishiri kaɗan, saboda kifin da ya firgita gishirin jikinsa zuba yake yi ta gefen kansa, inda yake numfashi. In an isa, ba a juye su nan take. Sai a riƙa ƙara ruwan sabon tafki cikin jarkar kaɗan-kaɗan har ɗuminsu ya zo ɗaya, abinci kuma sai washegari.