Birkin da Ke Ƙarƙashin Ƙafata

Motoci uku gare mu a makarantar koyon tuƙi da nake gudanarwa, da malamai biyu ban da ni, sai ɗaki guda mai allo da benci. Kowace mota birki biyu ne da ita: ɗaya a gaban ɗalibi, ɗaya a ƙarƙashin ƙafar malami. Idan ka tambaye ni yadda nake gane ɗalibi ya iya, zan ce maka ƙafata ce ke faɗa mini. Ranar da muka fita muka dawo ba ta motsa ba ko sau ɗaya, ranar na fara tunanin sallamarsa.

Duk wanda ya shigo, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, kwana nawa zan yi in iya?" Amsar ta danganta da abin da yake nufi da iyawa. In dai tayar da mota ne, da sakin kuloci ba tare da ta mutu ba, da sauya giya da yin ribas, wannan abu ne na 'yan kwanaki. Hannu da ƙafa ba su da taurin kai. Ido ne ke ba mu wahala, shi da zuciya.

Shi ya sa darasin da na fi ji da shi ba a cikin mota nake yin sa ba. Nakan fito da ɗalibai fili, in ɗauko igiyar awo. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 100 tana cin kusan 28. Sai in ce wa ɗaya daga cikinsu ya taka mita 28 da ƙafarsa muna kallo. Idan ya kai can ya juyo, sai in ɗaga murya in ce masa: "In kana gudun 100, nan ne za ka kai kafin ƙafarka ma ta taɓa birki." Domin tsakanin ido ya ga abu da ƙafa ta motsa, daƙiƙa guda ta wuce, sau da yawa ma fiye, balle in akwai gajiya ko gyangyaɗi. Daga nan ne birkin zai fara nasa aikin, kuma lissafinsa ba ya tafiya yadda mutane ke zato. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa yake yi sau huɗu. In titi ya jiƙe ko taya ta suɗe, abin ya ƙaru. Wanda ya sunkuya ya duba waya na daƙiƙa uku yana gudun 100 kuwa, ya tuƙa fiye da mita 80 kamar makaho. Na taɓa faɗin wannan a aji, kowa ya gyaɗa kai ya manta. Amma wanda ya taka nisan da ƙafarsa, da wuya ya sake manne wa bayan motar gabansa. Daga nan sai mu koya masa ƙirga: motar gaba ta wuce wani turke ko bishiya, ka ƙirga uku a nutse, in ka iso wurin kafin ka gama, ka matso da yawa.

Ɗalibin da bai taɓa riƙe sitiyari ba ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda ya zo yana cewa ai shi ya iya, takarda kawai yake so. Irin wannan wani ɗan'uwa ne ya koya masa, ko aboki, kuma ya kwaso duk munanan halayen malamin nasa ya ɗauka su ne gwaninta. Zai cire giya a gangara wai yana tattalin mai, bai san ya raba kansa da rikon da inji ke yi wa mota ba, ya bar wa birki kaya shi kaɗai har ya yi zafi. Zai sauya hannu yana dogaro da madubi kawai, alhali akwai wani lungu a gefen kafaɗarsa da madubi ba ya nunawa, inda babur guda zai ɓuya tsaf. Zai sha gaban tirela a kwana. Oda kuwa ya ɗauke ta tamkar izinin wucewa. Kafin ka zuba masa sabo sai ka kwashe tsohon, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A kan bel ma sai mun yi musu. Nakan ba su labarin Nils Bohlin, injiniyan kamfanin Volvo a Suwidin, wanda bel ɗinsa mai ratsa ƙirji da ƙugu ya fara fitowa a motoci a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi na iya rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. A motocinmu dai, makulli ba ya juyawa sai kowa ya ɗaura, har wanda ke zaune a baya yana jiran layinsa.

Ta fuskar ciniki, sana'ar ba ta da romon da ake zato. Ɗalibai na cinye farantin kuloci kamar gara, tayoyi na gugar bakin titi, ga mai, ga inshora, ga albashi. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne kuɗin da kake gani da idonka ka mayar. Wani dattijo ya taɓa kawo mini ɗansa, ya ce zai biya kuɗin darussa cikakku, in dai sa hannu kawai zan yi a takardar shaidar ya iya tuƙi, yaron na sauri. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, ka ba ni shi mu zaga sau ɗaya tukuna." Ba mu yi nisa ba na taka birkina sau biyu. Na gaya masa gaskiya, ya ɗauki ɗansa ya tafi, na kuma san wani wurin zai sa masa hannun. A watan nan da ƙyar na haɗa albashi.

Abin da ke hana ni sassautawa shi ne wanda ke wajen motar. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, mutanen da ba su biya ni ko sisi ba, amma su ne za su gamu da ɗalibina. Ba na yaudarar kaina cewa makaranta kaɗai za ta magance wannan. Suwidin da ta tashi haiƙan wajen rage mace-macen hanya tun 1997 sai da ta sake fasalin titunanta, ba direbobi kawai ta yi wa wa'azi ba. Amma nawa rabon aikin shi ne ido. Birtaniya ta sa gwajin hango haɗari cikin jarrabawar lasisinta a 2002, ni kuma nawa salon shi ne in sa ɗalibi ya riƙa faɗin duk abin da yake gani da baki yana tuƙi: ga bas ta tsaya, ga ƙofa na iya buɗewa, ga mai babur bai waiwayo ba. Da farko kunya suke ji, daga baya sai bakin ya yi shiru, idon ya ci gaba.

Makon jiya na fita zagayen ƙarshe da wata ɗaliba da ta fi kowa tsoro lokacin da ta fara. Muka iso wata bas da ta tsaya tana sauke fasinja. Tun daga nesa ta ɗaga ƙafa daga totur, ta ɗora a kan birki, ta ɗan buɗe daga jikin bas ɗin. Babu wanda ya fito ta gabanta. Na bayanmu ya danna oda har sau uku, ita ko a jikinta. Na duba ƙafata na gan ta a shimfiɗe, nesa da birkina. Da muka dawo na sa mata hannu, sannan na kira makaniki, don kulocin motar ya soma wari tun safe.