Laraba: sakamako ya sake fitowa ƙalau

Tun gari bai waye ba na farka, ba don barci ya ishe ni ba. Zafin nan ne da ke kwana a kafaɗuna ya gangaro gadon baya, ga zuciya da ta hau lugude ina miƙewa tsaye. Na dafa bango har jirin ya lafa. Yau ce ranar karɓar sakamakon gwaje-gwajen asibiti, kuma abin da na kasa faɗa wa kowa shi ne, can cikin raina ina fatan a ga wani abu. Ba babbar cuta nake roƙo ba, Allah ya kiyaye. So nake abin nan ya samu suna, in an tambaye ni me ke damuna in samu amsar bayarwa.

Ba a ga komai ba. Jini bai yi ƙasa ba, sukari daidai, ƙoda da hanta suna aikinsu, tayirod lafiya, gwajin zuciya ma haka. Likita ya juyo mini da takardun ya ce, "Malama, duka sun yi kyau." Na ce, "Likita, to me ya sa ba na iya hawa bene sai na zauna a tsakiya?" Muryata ta karye kafin na kai ƙarshe. Na riga na shirya jin abin da na saba ji, wato damuwa ce, in rage tunani. Shi kuwa sai ya ajiye biro ya ce ya yarda ina jin abin da na ce ina ji, kuma takardun nan ba su ƙaryata ni ba.

Bayanin da ya biyo baya shi nake so in rubuta kafin ya shige mini. Ya ce kowane gwaji tambaya ɗaya yake amsawa. ECG, wato gwajin zuciyar da aka yi mini, bugun zuciya na kimanin daƙiƙa 10 ya ɗauka, ina kwance, alhali ni matsalata a tsaye take zuwa. Don haka ya sa na kwanta na huta, ya auna bugun da hawan jini, sannan na miƙe ya riƙa aunawa. Akwai wata larura da ake kira POTS, wadda a babban mutum bugun ke ƙaruwa da 30 ko fiye a minti ɗaya cikin minti 10 da miƙewa, ba tare da hawan jini ya faɗi ba. Nawa ya hau, amma bai kai nan ba. Ko wannan sunan ma ban samu ba. Duk da haka zai sa a maƙala mini na'urar da ke bin bugun zuciya na awa 24, ina harkokina na gida, ko za ta kama abin da gadon asibiti bai kama ba.

Na roƙe shi a yi mini hoton jiki gaba ɗaya a huta. Ya ƙi, kuma dalilinsa ya zauna mini. Yawancin iyakokin da ake bugawa a gefen sakamako an tsara su ne yadda mutum 95 cikin 100 masu lafiya za su faɗa ciki. Ke nan 5 suna waje kuma lafiyarsu lau. In aka jera wa lafiyayye gwaji 20 daban-daban, ya fi yiwuwa ɗaya ya kauce a kan duka su fito daidai. Hoto ma haka, yakan nuna ɗan tabo ko ƙari marar illa, sai a shiga bin sa da allura da fargaba, ciwon asali yana nan inda yake. Raina bai so ba, amma na ga gaskiyarsa.

Sai ya zo kan jijiyoyi. Ya ce zafi ba a nama kaɗai ake haɗa shi ba, saƙo ne da ke bi ta laka zuwa ƙwaƙwalwa, kuma hanyar kanta takan yi tsananin ji bayan rashin lafiya, ko rashin barci mai tsawo, ko wahalar da ta daɗe. Kamar rediyon da aka ƙure wa murya, tashar ba ta canza ba amma kunne ba ya ɗauka. Gwajin jini ba ya auna wannan. Bai ce shi ne nawa ba, ya ce yana cikin abin da yake dubawa.

A hanyar dawowa Yaya ta kira. Da na gaya mata sai ta ce, "Ai sai godiya, ƙanwata. Ki saki ranki, ki daina sa wa kanki ciwo." Na san da ƙauna ta faɗa, kuma na gode wa Allah da ba a ga mugun abu ba, da gaske nake. Amma maganar ta soke ni. Mai irin wannan larura ɗawainiya biyu ce a kansa, jinyar jiki da kuma neman a yarda da shi, kuma wani lokacin ta biyun ta fi gajiyarwa. Umma ba ta tambayi takarda ba. Cewa ta yi, "Sannu 'yar nan, yau ina ne ya fi matsa miki?" Na daɗe ina ba ta amsa.

Da la'asar na kwanta da waya ina karatu. A 2017 ƙungiyar masana nazarin zafi ta duniya ta ware rukuni na uku na zafi, wanda ke tasowa daga sauyin yadda jiki ke sarrafa saƙon zafi, ba tare da an ga rauni a nama ko lalacewar jijiya ba. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a Janairun 2022 ya sanya zafin da ya wuce wata 3 ba tare da wata cuta ta bayyana shi ba a matsayin larura mai zaman kanta. Na kuma tuna gyambon ciki, wanda aka daɗe ana ɗora wa damuwa, har Barry Marshall da Robin Warren a Ostireliya suka danganta shi da ƙwayar cuta a farkon shekarun 1980, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ba ina nufin kowane ciwo da ƙwayar da ke ɓoye ba. Abin da na ɗauka shi ne ilimin likita yana da bakin iyaka, kuma akwai mutane da yawa da ke zaune a bakin nan suna jin jiki. Sai dai ba zan jingine rayuwata ina jiran ranar da za a gano ba, yara suna girma, aiki yana jira.

Shi ya sa na bi shawarar likita tun yau. Wankin da na saba yi a zama ɗaya in kwanta kwana biyu, na raba shi, na tsaya tun kafin jiki ya ce in tsaya. Wannan ya fi komai wuya, domin ranar da na ji dama-dama sai in so in rama duk abin da ya wuce ni. Na buɗe littafi na rubuta barcin jiya, lokacin da jiri ya zo da abin da nake yi a lokacin. Mun yi da shi zan tsaya wajen likita ɗaya maimakon yawo da fayil, in koma bayan wata 3 ko da babu sabon abu. In kuwa na ga rama ba dalili, ko jini, ko zazzaɓi mai naci, ko suma, ko wani sashe na jiki ya saki, ba jira, a ranar zan je.

Saura maganar wajen aiki. Tsayuwa mai tsawo ce ke kayar da ni, kuma na daɗe ina jin nauyin neman a sauya mini tunda ba ni da sunan cutar da zan ambata. Likita ya ce zai rubuta wasiƙar da ta bayyana abin da jikina ke iya ɗauka da wanda ba ya iyawa, wannan ba ya buƙatar suna. Ranar Litinin zan karɓa, daga nan in wuce ofishin shugabarmu.