Murhun gas yana ta ƙas-ƙas, wuta ta ƙi kamawa

A azumin da ya wuce, wata asuba muna haramar sahur a gidanmu da ke Aboabo a nan Kumasi, maiɗakina ta murɗa makunnin murhun gas domin ta ɗumama tuwo da miyar ayoyo da suka kwana, sai murhun ya yi ta ƙas-ƙas, wuta kuwa ta ƙi kamawa. Ta sake murɗawa har sau uku, warin gas ya fara cika kicin, sannan ta miƙa hannu ta ɗauko ashana. Na yi sauri na riƙe hannunta, na rufe makunnin, na kashe regileta, wato abin da ke daidaita fitar gas a kan tukunyar gas, muka buɗe ƙofa da taga. A ranar da burodi da ruwan sanyi muka yi sahur.

Ashanar ce ta tayar mini da hankali fiye da lalacewar murhun. Gas ɗin da muke sayowa a tukunya haɗin butane ne da propane, kuma ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya fita bai ci wuta ba, ƙasa yake kwantawa ya taru a gindin murhu da ƙarƙashin kabad, maimakon ya tashi sama ya watse. Shi kansa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya faɗakar da mutum. Duk wanda ya tuna gobarar Atomic Junction a Accra a watan Oktoba na 2017 ya san abin da gas ke yi idan ya taru ya tarar da wuta.

Da gari ya waye na je wurin wani dattijo mai gyaran murhu da risho a wajejen Alabar. Kafin ya yarda ya biyo ni gida, tambaya biyu ya yi mini. Ya ce, "Malam, in ka murɗa kana ganin tartsatsi? In kuma ka sa masa ashana yana kamawa da kyau?" Na ce, "Baba, ƙara dai ina ji, amma ban tsaya na duba ba." Ya ce in koma in duba, domin amsar ce za ta nuna ko ciwon yana wajen tartsatsi ko yana hanyar gas. Ya kuma ja mini kunne cewa sai wari ya fita sarai, kuma ashana ake fara ƙyastawa kafin a buɗe gas. Na gwada, wuta ta kama nan take, shuɗiya, ta zagaye kan murhun daidai. Ke nan gas yana zuwa lafiya, tartsatsi ne ba ya isa inda ya kamata.

Murhunan da muke amfani da su iri uku ne ta wannan fuska. Ƙananan na kan tebur masu kai biyu yawanci ba su da batir: idan aka murɗa makunni, wata 'yar guduma a ciki ce ke bugun wani ƙaramin dutse na musamman, bugun ya haifar da lantarki, shi ya sa ake jin ƙara ɗaya tak a kowace murɗawa. Akwai masu batir mai ƙarfin volt 1.5 da ke ɓoye a ƙasa ko a baya, kuma mutane da yawa ba su ma san da shi ba sai ranar da ƙarar ta fara jinkiri tana ja da baya. Sai manya masu oben da ake jona wa wutar gida, waɗanda ba sa tartsatsi ko kaɗan idan an ɗauke wuta. Duka ukun a wuri guda suke ƙarewa, wato wani farin tsinke na tangaran mai bakin ƙarfe da ke tsaye a gefen kan murhu, inda tartsatsi ke tsallake tazarar milimita 3 zuwa 4 ya faɗa kan ƙarfen, daidai bakin ramin da gas ke fita.

Da na kashe fitila na duba namu a cikin duhu, gas a rufe, sai na ga tartsatsin ya zama ja-ja, siriri, yana lasar gefen tangaran ɗin zuwa ƙasa. Na ɗaga hular kan murhun, na tarar da koko da ya taɓa tafasa ya zubo ya bushe ya yi ɓawo a jikin tsinken, mai kuma ya hau kansa ya yi danƙo. Lantarki hanya mafi sauƙi yake bi, don haka ya bi dattin ya sauka. Na cire batir, na sa tsohon buroshin haƙori na kankare ɓawon a hankali, na goge da tsumma mai ɗan danshi, na bar shi ya bushe. Tangaran ɗin yana da saurin tsagewa, kuma idan ya tsage babu wanki da zai yi masa magani, sai dai a sauya shi. Haka ma idan ɓera ya ci rigar wayar da ke ƙasa, za a riƙa jin ƙara a cikin cikin murhu amma ba a ganin komai a sama.

Hular ita ma tana da nata. Tana da mazauni, idan aka mayar da ita a karkace bayan wanki gas zai riƙa fita ta gefen da tartsatsi ba ya kaiwa. Ramukan da ke kewaye da kan murhun, musamman ɗan ƙaramin da ke fuskantar tsinken, suna toshewa da ruwan waken waakye da ƙurar hunturu, kuma idan an wanke an mayar da su da laima wuta ba za ta kama ba sai sun bushe. Manyan murhuna kuwa, idan ruwa ya shiga bayan makunni, sukan yi ta ƙas-ƙas su kaɗai ba wanda ya taɓa su. A zare filogi, a bar su su kwana su bushe.

Da a ce ashana ma ba ta kunna shi ba, ko wutar ta fito 'yar mitsitsiya, to da maganar ta koma kan jet, wato ɗan ƙaramin bakin tagulla da ke ƙarƙashin kan murhu, da kuma bututun da gas ke gauraya da iska, inda gizo-gizo da kyankyasai ke son yin gida. A nan ne nake ganin ɓarna mafi yawa a unguwarmu, domin an saba zura allura a ramin jet ana juyawa. Tagulla tana da laushi, ramin kuma an auna shi ne daidai da ƙarfin gas, da zarar ya ƙara faɗi wuta za ta koma ruwan ɗorawa, ta baƙanta gindin tukunya, ta riƙa fitar da carbon monoxide, iskar da ba ta da wari amma tana kisa a rufaffen ɗaki. Silin buroshi ko siririn gashin waya ɗaya ya isa a fitar da datti.

Wannan ruwan ɗorawar wuta ita ce ciwon yawancin murhunan da ake kawowa na hannu daga Turai. Can gas na bututu suke amfani da shi, wanda ke zuwa da ƙarfin miliba 20 (miliba ma'aunin matsin gas ne), kuma ramin jet ɗinsa ya fi na gas ɗin tukunya faɗi, alhali regiletocinmu na gida suna ba da wajen miliba 30. Wanki ba ya gyara wannan, sai mai gyara ya sauya jet ɗin gaba ɗaya da na gas ɗin tukunya. Irin waɗannan murhunan sukan zo da wani tsinke na biyu na ƙarfe, wanda aikinsa shi ne ya yanke gas idan wuta ta mutu. Shi ya sa ake danne makunni na daƙiƙa 10 ko fiye bayan wuta ta kama, kuma idan ta ci gaba da mutuwa da zarar an saki hannu, wannan tsinken ne ya yi datti ko ya gaji.

Abin da ba na taɓawa da kaina shi ne cikin makunni da cikin regileta. Ba na kuma yarda da dutsen da ake ɗora wa regileta domin gas ya fito, domin regileta da ke buƙatar dutse ko dai ita ta lalace, ko robar bakin tukunyar ta cinye, kuma ta nan gas ke zurarewa. Da dattijon ya zo daga baya ya duba aikina, sai ya kaɗa sabulu a kofi ya shafa kumfar a bakin regileta da duk mahaɗar tiyo, muka tsaya muna kallo. A wajen da tiyon ya shiga murhu kumfa ta riƙa kumbura tana fashewa, ya lanƙwasa shi ya nuna mini tsagu ƙanana a jikin robar. A ranar muka sayo sabon tiyo da maɗauransa biyu, na kuma rubuta 192, lambar 'yan kwana-kwana, a bangon kicin kusa da ƙofa.