Bakin ruwan Legas na waye?

A aji lakcara ya koya mana cewa kafin ka tsara wurin shaƙatawa a bakin teku sai ka jero masu ruwa da tsaki, ka kira mitin, kowa ya faɗi nashi, shi kenan. A takarda abin gwanin sauƙi. Da na fara bincikena na kammala digiri a kan bakin ruwan Legas sai na ga tun tambayar farko ma, wai filin na waye, amsarta ta fi uku.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, gwamnatin tarayya kuma ta ce abin da ke kusa da ruwa nata ne, har sai da rigimar jihar Legas da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta tarayya ta kai kotun ƙoli, a Janairun 2024 aka ba tarayya gaskiya kan hanyoyin ruwa, ga kuma gidajen sarauta irin su Oniru da Elegushi da suka ce tun kaka da kakanni gabar tasu ce. Kowa da hujjarsa fa, ba wanda zai ce maka shi baƙo ne.

Ku duba Landmark, wani wurin shaƙatawa na 'yan kasuwa a bakin tekun Legas. A Afrilun 2024 katafila ta shiga ta rushe ɓangaren bakin ruwan saboda titin Legas zuwa Kalaba mai tsawon kusan kilomita 700, minista David Umahi ya ce mita 250 daga ruwa na tarayya ne. An yi ta surutu a jaridu da intanet saboda masu wurin suna da murya da lauyoyi. To amma Tarkwa Bay fa, wani bakin ruwan Legas da ake zuwa da kwale-kwale? A Janairun 2020 sojan ruwa suka kori dubban mutane da sunan maganin masu fasa bututun mai, alhali da yawansu da 'yan yawon buɗe ido suke cin abinci, masu haya kujera da rumfa, masu tuƙa kwale-kwale, masu sayar da kifi. Kwana kaɗan maganar ta mutu.

Abin da ya fi tsaya min shi ne mai suya da mai doki, yawanci 'yan uwanmu ne daga arewa. Na zauna da wani mai doki a bakin ruwa, kullum sai ya biya kuɗin shiga, ya sallami yaran unguwa, amma ko rasit ɗaya ba shi da shi. In aka zo maganar diyya takarda ake tambaya, to shi wa zai nuna wa me? Sunansa ma ba ya cikin jerin da ake kira mitin.

Shi ya sa yanzu in an ba ni taswira ban fara da ita, sai na je wurin ranar Lahadi da yamma na ga wa yake karɓar kuɗi daga hannun wa tukunna.