Yadda harafin ƙ ya tona asirin matatar da na rubuta

Aikin da aka ba ni bai fi na yini ɗaya ba: fom ne da malamai za su riƙa liƙa adireshin yanar gizo na abin da suke so ɗalibai su karanta, manhajar kuma ta tabbatar adireshin sahihi ne kafin ta adana shi. Na ɗauko wani layin regex, wato tsarin alamomi da ke tace rubutu kamar matata, da na daɗe ina amfani da shi, na gwada shi da adireshi biyar na shafukan Turanci, duk suka wuce, na miƙa aiki.

Sai bayan mako uku aka sanar da ni cewa wani malamin Hausa ya daina amfani da fom ɗin, domin duk lokacin da ya saka shafin Wikipedia ta Hausa mai ƙ ko ɗ a takensa, sai manhajar ta ce adireshin ba daidai ba ne. Nasa daidai yake, matatata ce ba ta san wani harafi ba bayan a zuwa z. Idan ya rubuta ƙ da hannu ta ƙi, idan ya kwafo daga burauza, inda harafin ke komawa %C6%99, nan ma ta ƙi, saboda ban ba alamar % hanya ba. Har yau abin na ci mini rai, domin harshena ne, amma ban gwada ko adireshi ɗaya da haruffansa ba. Da na sake dubawa, na tarar layin ya kuma taƙaita ƙarshen sunan shafi ga haruffa 2 zuwa 4, wato duk mai .africa ma a waje yake.

Na goge layin, na koma ga new URL, umarnin karanta adireshi a harshen kwamfuta na JavaScript, wanda ke bin ƙa'idar WHATWG (ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo) da burauzoji ke bi, yana jefa saƙon kuskure mai suna TypeError idan rubutun bai fassaru a matsayin adireshi ba, yana kuma mayar da ƙ zuwa %C6%99 da kansa. Sai dai shi ma yana karɓar javascript:alert(1), wanda umarni ne ga burauza ba shafi ba, a matsayin adireshi, don haka dole ka duba protocol, wato sashen farko na adireshin, ka bar http: da https: kaɗai. Wanda kuma ya rubuta sunan shafi ba tare da https:// ba, ƙara masa ya fi korarsa.

Yanzu adireshin farko a jerin gwajina mai ƙ ne. Malamin kuwa sai da na kira shi na ba shi haƙuri kafin ya dawo, kuma a makonni ukun nan a allo yake rubuta wa ɗalibansa adireshin da hannu.