Abin da na koya a aikin lambun shaƙatawa

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, kuma abokan aiki da suka san abin da ya faru sun ce in bar wa sabbin ma'aikata wani abu a rubuce.

Duk wanda ya yi aiki a wurin ya san tsohuwar tsamiyar bakin ƙofa, wadda shamuwa ke sheƙa a kanta kowace shekara. Daga kudancin Afirka take tahowa dab da faɗuwar damina, ta yi ƙwai, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsa. Shi ya sa manomi ba ya taɓa ta, ganinta ma albishir ne na ruwa. Ana cikin watan Yuni, 'ya'yan ko fiffike ba su yi ba, sai ga sanarwa wai manyan baƙi za su zo. Oga ya ce kashin tsuntsaye na ɓata wurin ajiye motoci, a datse rassan. Na ce, "Ranka shi daɗe, a bari zuwa kaka su tashi, ko a maida motocin ƙarƙashin bedin can." A gaban leburori ya ce in tsuntsu nake so in kwashe su in kai gidanmu.

Washegari masu injin yankan itace suka zo. Ni na tsince 'ya'yan daga ƙasa na zuba a kwali, wasu da sauran rai, baki a wangame, iyayen na ta shawagi a sama har azahar. Baƙin kuwa ta wata ƙofar aka shigo da su. Ni kuma aka ba ni takardar neman ba'asi saboda na yi wa na gaba gardama, ƙarin girmana na shekarar ya tafi a haka. Har yau ban ga laifina ba.

Saboda haka in za ku hana sara, ku hana a rubuce, ku riƙe kwafi. Maganar baki ba ta da shaida a ofis.

Sauran kaɗan ne. Gawo da damina yake kaɗe ganye, kada wani ya ce maku ya mutu. Bedi na da inuwa, amma durumi da cediya da ɓaure su ke tara tsuntsaye da jemagu, don haka a sa su cikin dashe. Kafin a cinna wa tarin ganye wuta a tona shi da sanda, bushiya na kwana a ciki. Da bazara a ajiye ruwa a kasko.

In kuma ungulu ta sauka, ku hana yara harbinta da danƙo. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Mu da muka taso muna ganin su birjik a mahautar Katsina, yau sai a shekara ba mu ga ko ɗaya ba.