Kundar da nake haɗawa da hannuna don farautar zomo da kurege

Kibiya mai tsini ɓarna take yi a farautar ƙananan dabbobi. Ta huda zomo ta wuce ta lalata nama, in kuma ka kuskure ta shige ƙarƙashin ciyawa, ko ta kafe a reshen da hannu ba ya kaiwa. Shi ya sa na koma kunda, wato kibiya mara tsini, wadda da ƙarfin duka take kisa.

Abin da na fi amfani da shi kwanson harsashi ne da aka riga aka harba, mai lamba .38. Bakinsa kusan daidai yake da sandar kibiya ta katako mai kaurin milimita 8.7. Nakan yanke kan sandar a miƙe, in ɗan kankare shi, in narka gam in cusa. Gindin kwanson mai faɗi shi ne fuskar duka. Idan sandar irin wadda ake murɗa mata kai ce, aikin ma ya fi sauƙi: sai in sa washa, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, a bayan kan kibiyar da nake gwajin harbi da shi, in ɗaure tamau.

Nauyi ne ya fi cin hankalina. Kwanson shi kaɗai bai kai nauyin kan da na saba harbawa ba, mai kusan giram 8, kuma kai mara nauyi yakan canza tafiyar kibiya, ta riƙa kauce wa inda hannu ya saba. Don haka nakan jefa 'yar dalma a ciki kafin gam, in auna har su zo ɗaya. Bayan nan sai in tsayar da kibiyar bisa tafin hannu in murza ta. In na ji tana rawa, kan ya karkace. A ɗumama gam a gyara, don karkatacciyar kunda ko kusa ba ta zuwa inda aka aike ta.

Kan roba na ƙafar kujera ma na gwada. Ga tsuntsu ba laifi, amma ga kurege ban yarda da shi ba, dabba ce mai taurin rai.

Kunda tana son baka mai ƙarfi da harbi daga kusa, a kai ko a ƙirji. Dukan cinya raunata zomo kawai yake yi ya tsere cikin rami, don haka in ban ga kai sosai ba, sassauta tsirkiya nake in bar shi ya tafi.